Ma'anar Monita Mai Hanya Uku da Inda Take da Amfani a Dandamali

A wajen masu harkar sauti, monita ita ce sifikar da ake kwantarwa a kan dandamali, fuskarta a ɗage tana kallon mai magana ko mawaƙi, bayanta ga jama'a. Manyan sifikun gefe na masu sauraro ne, ita kuwa aikinta mai riƙe da makirufo ya ji kansa. Wanda ba ya jin muryarsa zai yi ta ɗaga ta har ta dushe, mawaƙi kuma ya saɓa wa kiɗa. A buɗaɗɗen fili abin ya fi tsanani. Sauti na cin kusan mita 343 a sakan ɗaya, don haka katangar da ke nisan mita 50 za ta dawo da amo bayan kusan sulusin sakan, ya rikita mai wa'azi ko mai karatun musabaƙa.

Hanya uku kuwa na nufin an raba sautin gida uku a cikin akwati ɗaya. Wufa, wato babbar sifika mai inci 12 ko 15, tana ɗaukar kauri. Ƙaramar sifika mai inci 6 zuwa 8 tana ɗaukar tsakiya. Hon, wato 'yar sifika mai baki kamar ƙaho, yana ɗaukar siririn sauti. Mai rabon shi ne kurosoba, kuma ana auna wurin rabon da Hz, wato yawan girgizar sauti a sakan ɗaya. A mai hanya uku yakan raba a wajejen 300 zuwa 500 Hz, ya sake rabawa a wajejen 2,500 zuwa 3,500 Hz. Mai hanya biyu wufa ce da hon kawai, rabo ɗaya, galibi tsakanin 1,200 da 2,000 Hz.

A nan amfanin mai hanya uku yake. Abin da ke sa a gane kalmomi, a bambance sa da sha, yana zaune ne tsakanin 1,000 da 4,000 Hz. A mai hanya biyu rabon yana faɗowa a tsakiyar wannan yanki, wufa ta riƙi rabin murya, hon ya riƙi rabi. Kuma wufar da ke ta kai da komo da dukan ganga ita ce dai ake so ta fitar da murya tsaf, shi ya sa idan an ƙure ta muryar ke yin duhu. Mai hanya uku ta ba mafi yawan murya sifikarta ita kaɗai. Hon ma ya samu sauƙi, tunda bai fara aiki sai can sama, koyil ɗinsa, wato naɗin wayar da ke cikinsa, ba ya saurin ƙonewa. Idan ƙirar mai kyau ce, sautinta ba shi da tudu da kwari, kuma irin waɗannan tudun ne ke fara jawo kukan makirufo.

Sai dai akwai matsalar da mai saye ba ya lura da ita a shago. Sauti daga wurare uku yake fitowa, kuma yana bukatar ɗan nisa kafin ya haɗe. Mai tsaye a mita ɗaya ko ɗaya da rabi daga akwatin bai kai wurin haɗewar ba. Ya matsa dama ya ji murya ta yi kauri, ya matsa hagu ta yi siriri. Makirufo ma haka yake ji, sai ka saita ikwalaiza, wato na'urar daidaita kauri da sirantar sauti, kukan ya tafi, mawaƙi ya gusa taku biyu ya dawo. Wannan ne ya sa yawancin monitocin ƙwararru da ake kwantarwa a ƙasa masu hanya biyu ne, wasu ma an dasa hon ɗin a tsakiyar wufa don sautin ya fito daga wuri guda.

Ga kuma nauyi da tsayi. Akwatin ya fi girma, yana tare ƙafafun mutane a hoto, kuma mai ɗaukar haya daga Gusau zuwa Kaura Namoda ko Talata Mafara ya san abin da akwati huɗu masu nauyi ke ci a bayan mota. Kurosoba ɗinta ma ya fi yawan kafasito da koyil, duk masu ɗaukar zafi. A Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Birnin Kebbi, akwatin da aka bari a rana tun hantsi yana cikin haɗari. Idan kuma kowace sifika za a ba ta layin amfilifaya nata, layi uku ke nan ga monita ɗaya, kuma fulogin wayar sifika na Speakon mai baki huɗu layi biyu kawai yake ɗauka, sai an nemi mai baki takwas.

A kula da araha. Akwai akwatunan da aka liƙa wa ƙaramin tuwita na ƙari, wato 'yar sifikar siririn sauti, aka rubuta hanya uku, ba tare da kurosoba na kirki ba. Mai hanya biyu mai kyau ta fi su nesa. A wajen gyara kuma, idan aka juya wayar sifikar tsakiya, ja ya koma wurin baƙi, wani yanki na murya zai ɓace, mai miksa ya yi ta ƙara ƙarfi har jar fitilar gargaɗi ta amfilifaya ta kunnu, ya ƙone hon.

Inda mai hanya uku ta fi dacewa shi ne gefen babban dandamali, a tsaye, tana harba sauti daga nisan mita uku ko fiye ga makaɗan kalangu ko kotso da 'yan amshi, irin dandamalin bikin kamun kifi na Argungu ko taron siyasa. Mai jita ta bes da mai fiyano su ma suna morar ta. Ga malami ɗaya da alaramma a wurin tafsiri, mai hanya biyu mai inci 12 ta wadatar. A yanke abin da ke ƙasa da 100 Hz a layin murya. Idan makirufon irin Shure SM58 ne, a ajiye monitar daidai bayansa, idan kuma Beta 58A ne, a ɗan gusa da ita gefe, domin shi yana ɗan ji ta baya kai tsaye.