Gilashin Tsoffin Tagogin Turai Ba Ya Kwarara

An daɗe ana faɗa, har a azuzuwan kimiyya, cewa gilashi ruwa ne mai kauri wanda yake kwarara a hankali, ana kafa hujja da tagogin tsoffin majami'un Turai waɗanda ƙasansu ya fi samansu kauri. Wannan magana ba ta da tushe. Maƙeran wancan zamani suna hura narkakken gilashi ne, su juya shi har ya baje kamar faifai, saboda haka kaurinsa bai taɓa daidaita ba tun daga wurin ƙira, kuma masu saka tagogi sukan mai da ɓangaren mai kauri ƙasa. Akwai ma waɗanda aka tarar an saka su a juye.

A 1998 Edgar Zanotto, masanin gilashi ɗan Birazil, ya lissafa cewa kafin gilashi ya kwarara a zafin ɗaki yadda ido zai gani, sai an zarce shekarun sararin samaniya ninkin ba ninkin.

Abin da har yanzu ba a warware ba shi ne yadda narkakken abu irin gilashi yake sandarewa ba tare da ƙwayoyin zarrarsa sun jeru a tsari ba, matsalar da Philip Anderson, masanin kimiyyar fiziks ɗan Amurka, ya ɗauka a 1995 a matsayin mafi zurfi a nazarin daskararrun abubuwa.