Koyon kaɗa jita a salon kantiri

Koyon kaɗa jita a salon kantiri horo ne da ake ba mai sha'awar kiɗan da ya taso daga karkarar kudancin ƙasar Amurka, musamman yankin tsaunukan Appalachia, wanda aka fara ɗauka a faifai a shekarun 1920. Jitar mai tsirkiya shida ce, ko dai ta katako mai rami a ciki ko ta lantarki, kuma abin da ya bambanta darussan wannan salo shi ne yadda mafi yawan aikin yake rataye a kan hannun da ke kaɗa tsirkiya, wanda ga yawancin mutane shi ne na dama.

A matakin farko ɗalibi yakan koyi saita tsirkiyoyi, sannan ya koyi danne haɗin sauti (wato sautuka da dama da ake fitarwa a tare) guda uku, masu suna G da C da D, waɗanda da su kaɗai ake iya raka tsofaffin waƙoƙi masu yawa. Makonnin farko suna da wuya, domin tsirkiyar ƙarfe tana cin kan yatsun hagu har sai sun yi kanta. Daga nan sai a shiga ginshiƙin salon: makaɗi ya bugi tsirkiya mai kauri guda ɗaya, ya share siraran a bugu na biyu, ya koma wata mai kaurin a na uku, ya sake sharewa a na huɗu. Malamai kan sa a maimaita wannan a hankali tare da na'urar ƙidayar bugu, domin wanda bai iya riƙe taki ba, duk gwanintar yatsunsa ba zai iya kiɗa da jama'a ba. Waƙoƙin Don Williams, waɗanda masu sauraron rediyo a Najeriya suka daɗe da sani, sun dace da wannan mataki saboda tafiyarsu mai natsuwa.

Yawancin abin da ake koyarwa bayan haka yana ɗauke da sunan wani gwani. Maybelle Carter, wadda ta yi ɗaukar farko da iyalinta a garin Bristol na jihar Tennessee a 1927, tana fitar da karin waƙa da babban yatsa a kan tsirkiyoyi masu kauri, yayin da manuniya ke share siraran don riƙe taki, ta yadda jita ɗaya ke yin aikin biyu. Merle Travis (1917–1983), ɗan gundumar Muhlenberg a jihar Kentucky, ya juya tsarin: babban yatsa, sanye da zoben roba mai ɗan harshe, yana kai-komo tsakanin tsirkiyoyi masu kauri ba tare da tsayawa ba, gefen tafin hannu yana ɗan danne su don amon ya dushe, manuniya kuma tana fitar da karin a kan siraran. Travis ya koya daga Mose Rager da Ike Everly, kuma ana danganta tushen salon da Arnold Shultz, wani makaɗi baƙar fata na yankin. Wannan ne darasin da ya fi ba ɗalibai wahala, domin sai babban yatsa ya saba tafiya shi kaɗai kafin a ƙara masa ko da sauti ɗaya. Chet Atkins, wanda ya ji kiɗan Travis a rediyo yana matashi, ya faɗaɗa salon ta hanyar ƙara yatsu. Shi kuwa Doc Watson (1923–2012), makaho daga North Carolina, ya shahara da mayar da kaɗe-kaɗen goge masu sauri a kan jitar katako da 'yar roba guda da ake riƙewa tsakanin yatsu biyu.

Darussan jitar lantarki sun fi karkata ga amon jitar Fender Telecaster, wadda ta fito a farkon shekarun 1950, da salon James Burton da Don Rich. A nan ana haɗa 'yar robar da sauran yatsu, ana fizgar tsirkiya ta yi ƙara mai kaifi, ana kuma tura ta gefe da hannun hagu don sautin ya hau a hankali.

A da, ta kunne da ido ake ɗaukar wannan ilimi, a gida ko a coci ko a wurin rawa, kuma har yanzu malamai da yawa sun fi ba horar da kunne muhimmanci a kan karatun rubutaccen kiɗa. Makaɗan birnin Nashville ma suna da nasu rubutun, wanda Neal Matthews na ƙungiyar Jordanaires ya fara tsarawa a ƙarshen shekarun 1950: ana ba kowane haɗin sauti lamba maimakon harafi, saboda haka G da C da D sukan zama 1 da 4 da 5, kuma idan mawaƙi ya nemi a ɗaga ko a sauke waƙar don ta dace da muryarsa, takardar ba ta canzawa. A 1967 Happy Traum ya kafa kamfanin Homespun, wanda ya riƙa sayar da darussa a kan tef, daga baya a bidiyo. Kwalejin South Plains da ke Levelland a jihar Texas ta fara koyar da kiɗan a 1975, Jami'ar East Tennessee State kuma ta buɗe nata shirin a 1982 a ƙarƙashin Jack Tottle, inda ɗalibai ke haɗa darasin mutum ɗaya da kiɗa cikin ƙungiya.