Fashewar gas ta Kwarin Merrimack, 2018

Fashewar gas ta Kwarin Merrimack jerin gobara ne da fashe-fashe da suka afka wa garuruwa uku na jihar Massachusetts a Amurka, wato Lawrence da Andover da North Andover, da yammacin Alhamis 13 ga Satumba, 2018. Gas mai ƙarfi ne ya kwararo cikin bututun da aka yi domin gas mai rauni, ya shiga gidajen mutane kai tsaye. Mutum ɗaya ya rasu, an kai mutum 22 asibiti har da 'yan kwana-kwana uku, gine-gine 131 suka lalace, biyar daga ciki gidaje ne da suka rushe gaba ɗaya. Kamfanin da ke da bututun a lokacin shi ne Columbia Gas of Massachusetts, reshen wani babban kamfani mai suna NiSource da ke da hedikwata a jihar Indiana. Abin bai tsaya a gobara ba, sai da ya kai kamfanin ya amsa laifi a kotu, ya biya tara mai yawa, ƙarshe ma aka tilasta masa tattara kayansa ya bar jihar.

Yadda gas ke shiga gida a can

Kafin a gane abin da ya faru sai an fara gane tsarin. Mu mun saba da tukunyar gas, ka ɗauka ka kai a cika maka ka dawo ka ɗaura mata kai. A waɗannan garuruwan kuwa gas kamar ruwan famfo yake, bututu ne a binne ƙarƙashin titi, kowane gida an ja masa nasa, da mita a jikin bango, ƙarshen wata a kawo maka bil. Da shi ake girki, da shi ake dafa ruwan wanka, da shi ake ɗumama gida lokacin hunturu, kuma hunturun wannan yanki ba irin sanyin da muka sani ba ne, ƙanƙara ce ke zuba.

A lokacin tsohon tsari ne a yankin, bututun ƙarfen zubi wanda ya daɗe ƙwarai a ƙasa, kuma mai rauni ne, matsin gas ɗin cikinsa wajen rabin psi ne kacal (psi ma'aunin ƙarfin matsi ne). Babban layin da ke ciyar da shi kuma yana ɗauke da wajen psi 75. A tsakaninsu akwai tashoshi masu na'urar rage matsi, aikinta kusan ɗaya da kan tukunyar gas ɗinka, ta karɓi mai ƙarfi ta sako shi a hankali. To ita wannan na'ura ba ta da ido, da wani siririn bututu take jin abin da ke gudana a layin unguwa, a kira shi bututun jin matsi. In ta ji matsi ya sauka sai ta ƙara buɗewa, in ta ji ya hau sai ta rage. Babban raunin irin wannan tsari kuma shi ne gidajen da ke kansa ba su da tasu na'urar a bakin mita, duk abin da ya shigo layin unguwa shi zai isa murhunka, babu mai tare shi.

Abin da ya faru ranar

Kamfanin yana aikin canza tsoffin bututun ƙarfe da sabbi na roba, aiki ne mai kyau a kan kansa, don tsoffin suna yoyo. An ba wani kamfanin kwangila, Feeney Brothers, wani sashe a mahaɗar titin South Union da titin Salem a kudancin Lawrence, da sifeton Columbia Gas a tsaye a wurin. Ma'aikatan suka bi takardar aikin da aka ba su tiryan-tiryan, suka haɗa sabon bututu, suka yanke tsohon. Abin da takardar ba ta faɗa ba shi ne bututun jin matsi na tashar titin Winthrop har lokacin a jikin tsohon bututun yake, ba a mayar da shi kan sabon ba.

Ana yanke tsohon, matsin cikinsa ya fara sauka tunda ba gas da ke shiga. Na'urar tashar ta ji matsi na sauka, ta ɗauka unguwa ce ke neman ƙarin gas, ta buɗe, ta ji bai hau ba, ta ƙara buɗewa, har ta buɗe gaba ɗaya, shi kuma gas ɗin duk cikin sabon layi yake tafiya zuwa gidajen mutane. Da ƙarfe 4:04 da kuma 4:05 na yamma ƙararrawa ta kaɗa a ɗakin sa ido na NiSource da ke Columbus a jihar Ohio, nesa sosai da wurin. Masu zama a ɗakin suna ganin lambobi na hawa amma ba su da ikon rufe komai daga can, iyakarsu su buga waya a tura mutum. Sai wajen 4:30 aka rufe na'urar tashar, manyan bawul ɗin yankin kuwa, wato makullan da ke tsayar da gas a bututu, ba a gama rufe su ba sai bayan ƙarfe bakwai na dare.

A wannan tsakanin wutar murhu ta riƙa tashi sama, tukunyar ɗumama gida ta kama da wuta a ɗakunan ƙasa, gas ya cika gidaje. 'Yan kwana-kwana sun yi ta fama da gobara tsakanin 60 zuwa 80 kusan a lokaci ɗaya, sai da aka kira ɗauki daga garuruwa masu yawa har da na jihar New Hampshire da ke makwabtaka. Aka ce mutane su fita su bar gidajensu, wajen mutum dubu 30, aka kuma yanke wutar lantarki a yankin don kar tartsatsi ya ƙara tayar da wata.

Wanda ya rasu yaro ne ɗan shekara 18, Leonel Rondon. Yana zaune a cikin mota a ƙofar gidan su abokinsa a titin Chickering, gidan ya fashe, ginin bututun hayaƙi ya faɗo kan motar. A ranar ya karɓi lasisin tuƙi.

Shugabanci a ranakun farko

Nan ne fa sunan kamfanin ya ɓaci fiye da yadda gobarar ta ɓata shi. Sa'o'i suka wuce kafin ya fito da bayani, shugabannin 'yan kwana-kwana suna neman a gaya musu iyakar unguwannin da abin ya shafa, wane layi aka rufe wane ne ba a rufe ba, amsa ba ta zuwa da wuri. Magajin garin Lawrence na lokacin, Dan Rivera, ya fito gaban 'yan jarida ya caccaki kamfanin, ya nuna cewa su ne suka fi kowa rashin sanin abin da ke faruwa kuma su ne na ƙarshe wajen motsawa. Washegari Juma'a gwamna Charlie Baker ya ayyana dokar ta-ɓaci, ya karɓe ragamar aikin daga hannun Columbia Gas ya miƙa wa wani kamfanin daban, Eversource. Kamfani yana ji yana gani a ce wa abokin gasarsa zo ka kula da bututunsa, gaskiya ba ƙaramin abin kunya ba ne, kuma da wuya a ce gwamnan ya yi zalunci.

Aikin farko shi ne bi gida-gida a rufe mita a duba ko akwai sauran gas a ciki, dubban gidaje, wasu ma sai da aka kira masu buɗe makulli don masu gidan sun gudu. Ranar Lahadi 16 ga wata aka bar mutane su koma, an dawo da lantarki, amma gas babu. Daga baya aka naɗa Joe Albanese, tsohon hafsan sojan ruwa kuma mai kamfanin gine-gine, ya jagoranci farfaɗo da yankin. Shugaban Columbia Gas na jihar lokacin Steve Bryant ne, na NiSource kuma Joe Hamrock, dukkansu sun zauna gaban 'yan majalisar tarayya a wani zama da aka yi a cikin garin Lawrence ranar 26 ga Nuwamba, inda sanatocin jihar Ed Markey da Elizabeth Warren suka yi musu tambayoyi masu zafi. Bryant ya bar aiki a 2019.

Kwastomomi da sanyi

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi daɗewa kuma ya fi cin rai. Tunda matsin ya riga ya lalata tsarin, ba a iya kunna shi haka nan ba, aka yanke shawarar a tone a canza bututu sama da mil 40, a mayar da yankin kan tsarin da kowane gida ke da na'urar rage matsi a bakin mitarsa. Aikin titi ya yi sauri, dubban ma'aikata aka kawo daga jihohi daban-daban. Cikin gidajen ne aka maƙale, don kowane gida sai an duba bututunsa na ciki, an canza murhu, an canza tukunyar ruwan zafi da ta ɗumama gida da injin busar da kaya, kuma gidajen tsofaffi ne, ka taɓa wannan sai ka tarar da wata matsalar. Kamfanin ya yi alkawarin gamawa 19 ga Nuwamba, ya kasa, ya ɗaga zuwa 16 ga Disamba.

Kafin nan an raba wa mutane risho na lantarki su riƙa girki, an kuma yi niyyar raba hita, sai aka gano wayarin gidaje da yawa ba zai iya ɗaukar ta ba, za a iya tayar da wata gobarar. Aka kai iyalai otal-otal, wasu nesa da makarantar yaransu da wurin aikinsu, wasu aka sa su a tireloli masu ɗakunan kwana da aka jera a filayen wasa. Bikin godiya da Amurkawa ke yi a ƙarshen Nuwamba ya zo cikin matsanancin sanyi, da yawa ba su da murhun da za su dafa komai, kamfanin ne ya raba dafaffen abinci. Gidajen abinci da wuraren wankin kaya sun yi makonni a rufe, ma'aikatansu ba albashi.

Kuma abin bai faɗa wa kowa daidai ba. Andover gari ne na masu hali, mutum zai iya kiran mai gyara ya biya daga aljihunsa ya jira a mayar masa. Lawrence kuwa na cikin garuruwan da suka fi talauci a jihar, yawancin mutanensa 'yan asalin Jamhuriyar Dominika ne da Puerto Rico masu jin Sifaniyanci, da yawansu 'yan haya, wanda ba shi da abin da zai fitar yau ina amfanin a ce masa kawo rasit gobe? An buɗe ofisoshin karɓar koke da neman diyya, layi ya yi tsawo, mutane sun yi ta ƙorafin a yau a gaya maka wannan gobe wani ma'aikacin ya gaya maka wancan.

Abin da bincike ya gano

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ita ta yi bincike, ta fitar da sakamako a Satumban 2019. Ta ɗora laifin kan raunin shugabancin sashen injiniyoyi na Columbia Gas, wanda bai tsara aikin yadda ya kamata ba, bai duba shi da kyau ba, bai kuma sa masa ido ba. Ba ta ce ma'aikatan da ke cikin rami ne suka yi ganganci ba, su abin da aka rubuta musu suka yi.

Bayanan sun fi ban takaici in aka bi su ɗaya-ɗaya. Injiniyan da ya tsara aikin bai da cikakken sanin muhimmancin bututun jin matsi, kuma taswirar kwamfuta da yake aiki da ita ba ta nuna inda suke. Sashen da ya san waɗannan na'urori ciki da waje, ba a wajabta ya duba takardar aikin ba. Doka a lokacin ta yafe wa kamfanonin gas buƙatar injiniya mai lasisi ya sa hatiminsa a kan irin wannan zane. A da kamfanin kan ajiye ma'aikaci yana kallon matsi a lokacin irin wannan aiki don ya rufe nan take in wani abu ya taso, sai aka daina 'yan shekaru kafin hatsarin. Masu gabatar da ƙara na tarayya kuma sun nuna cewa tun 2015 akwai sanarwar cikin gida da ta gargaɗi ma'aikata cewa mantawa da waɗannan bututun na iya jawo bala'i. Ke nan an san haɗarin, an rubuta shi a takarda, amma ba a mayar da shi doka ta aiki da dole sai an bi ba. Hukumar ta kuma ce kamfanin bai shirya wa babban hatsari irin wannan ba.

Tara, diyya da dokoki

A 2019 kamfanin ya amince ya biya garuruwan uku dala miliyan 80, mafi yawa don gyaran titunan da aka tone, sannan dala miliyan 143 ga mazauna da 'yan kasuwa da suka yi ƙarar haɗin gwiwa. Iyalan Rondon sun sasanta da shi daban. Ana cikin haka, ranar 27 ga Satumba, 2019, gas ya sake yoyo sosai a Lawrence aka sake kwashe ɗaruruwan mutane cikin dare, wanda ya tayar wa jama'a da tsohon tsoro.

A Fabrairun 2020 Columbia Gas ya amince ya amsa laifin karya dokar tarayya ta kiyaye bututu, da tarar dala miliyan 53, wadda a lokacin ita ce tara mafi girma da aka taɓa ci ƙarƙashin wannan doka, NiSource kuma ya yarda ya sayar da reshen ya fita daga Massachusetts. Eversource ya saya a kan dala biliyan 1.1, cinikin ya kammala a Oktoban 2020. Gwamnatin jihar ma ta karɓi dala miliyan 56, aka sa wani kaso wajen yafe wa masu ƙaramin ƙarfi bashin gas.

A ɓangaren doka, tun ƙarshen 2018 Massachusetts ta wajabta hatimin injiniya mai lasisi a kan duk aikin gas da ke da haɗari ga jama'a. A Disamban 2020 majalisar tarayya ta zartar da sabuwar dokar bututu, a cikinta akwai sashe mai ɗauke da sunan Leonel Rondon, wanda ya buƙaci kamfanonin raba gas su ajiye cikakkun bayanai da taswirar na'urorinsu, su sa ƙwararren ma'aikaci a wurin yayin aikin da zai iya jawo hawan matsi, su ƙara kariya a tashoshin rage matsi, su kuma tsara tun kafin hatsari yadda za su yi magana da 'yan kwana-kwana da jama'ar gari.