Shukar cikin ɗaki ba kullum take son ruwa ba

Da yawanmu mun taso da jin cewa shukar da aka ajiye a ɗaki sai an ba ta ruwa kullum, in ba haka ba za ta mutu. Kuma gaskiya masu yin haka kulawa ce ta sa su.

Amma fa saiwa ma tana numfashi, tana buƙatar iskar da ke shiga tsakanin ƙasa, in ƙasar kullum a jiƙe take jagab sai ruwa ya toshe wuraren iskar, saiwar ta fara ruɓewa ta kasa jan ruwan ma gaba ɗaya, sai ka ga ganye ya yi rawaya ya langaɓe kamar mai ƙishi, kai kuma ka ƙara ruwa, abin ya ƙara lalacewa. Ga shi a ɗaki hasken rana kaɗan ne, ƙasa ba ta saurin bushewa kamar a waje.

Gwadawa ba wuya. Tura yatsa cikin ƙasar kamar santimita 2 ko 3, in ka ji danshi ka bari sai wani lokaci, in ta bushe ka zuba sosai har ya fito ta hujin ƙasan tukunyar, sannan ka zubar da wanda ya taru a faranti. Tukunya marar huji kam ni ba na ba da shawararta. In kana shakka, zaro shukar a hankali ka duba saiwar: mai lafiya galibi fara ce da tauri, ruɓaɓɓiya kuwa ta yi duhu, ta yi laushi, har da wari.

Don Allah a tura wa masu shuka a gida.