Waiwaye: Daga ruwan toka zuwa ramukan kuza, yadda aka gano dangin sinadarai

A gidajen Gangare da Anguwar Rogo, idan kanwa ta yanke uwargida ba ta fasa ɗora wake. Toka take jiƙawa, ta tace ruwan ta zuba, waken ya dahu luguf. Sodiyam ne a cikin kanwa, fotasiyam a cikin toka, kuma 'yan ɗaki ɗaya ne. Iyayenmu mata sun san aikinsu ɗaya tun kafin masana su gano dalili.

A 1807 Humphry Davy na Ingila ya tsamo sodiyam da fotasiyam ɗin zallarsu. Kowanne ƙarfe ne mai taushi da wuƙa ke yankawa, kuma da ya taɓa ruwa sai ya hau tafarfasa. A 1829 wani Bajamushe, Johann Döbereiner, ya lura wasu sinadaran uku-uku suke tafiya: lithiyam da sodiyam da fotasiyam, ko kulorin da buromin da aidin, nauyin na tsakiya kusan rabin jimlar sauran biyun. John Newlands ya zo a 1865 ya ce idan aka jera su bisa nauyi, na takwas kan ɗauko halin na farko. Dariya aka yi masa.

Dmitri Mendeleev na Rasha ne ya tsayar da magana a 1869, da ya jera sinadarai 63 da aka sani a lokacin a jadawali, masu hali iri ɗaya a rukuni ɗaya. Abin da ke burge ni da shi, inda jeri bai cika ba bai cusa kowa ba. Gurbi ya bari, ya kwatanta halin wanda zai zo daga na 'yan'uwansa, don barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Galiyam ya bayyana a 1875, jamaniyam a 1886, kusan yadda ya faɗa. Daga baya aka gane sirrin: 'yan rukuni ɗaya yawan ilektoron ɗinsu na waje (ƙananan ƙwayoyin da ke kewaya tsakiyar ƙwayar zarrar sinadari) ɗaya ne, shi ya sa hulɗarsu da sauran sinadarai ke kama. Yau jadawalin na da sinadarai 118 a rukunoni 18.

Mu mutanen Jos, labarin nan a ƙarƙashin ƙafarmu yake. Baƙin yashin nan, kolombayit, da ke fitowa tare da kuza a Bukuru da Barikin Ladi, yana ɗauke da nayobiyam da tantalam, duka a rukuni na 5. An gano na farko a 1801, na biyu a 1802, amma kamanninsu ya kai a 1809 babban masani William Wollaston ya ce ai abu ɗaya ne. Sai a 1844 Heinrich Rose ya bambanta su. Har yau raba su jan aiki ne.

Da fari masu haƙar kuza watsar da yashin suke yi. Da kasuwarsa ta buɗe, a shekarun 1950, Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi, har tsofaffin tarin shara aka koma ana tonowa. Nayobiyam na ƙara wa ƙarfe ƙwari, tantalam kuwa yana cikin wayoyin hannu. Yana damuna ƙwarai in ga ɗalibi na haddace jadawalin nan don jarrabawa, kullum yana wuce kududdufan kuza a hanyar makaranta, ba wanda ya taɓa nuna masa rukuni na 5 a bakin ruwan.