Ɗaure ɗan kwikwiyo ba ya mai da shi kare mai gadi

A Garwa da Marwa na Kamaru, har ma Njamena ta Chadi, da yawa daga masu ajiye kare don gadi sun yarda cewa sai an ɗaure ɗan kwikwiyo a bayan gida, an hana shi ganin mutane, kafin ya yi zafi. Wasu har barkono suke zuba masa a abinci. Abin da ake samu a ƙarshe matsoracin kare ne, kuma matsoraci ya fi saurin cizo, don bai san bambancin ɓarawo da almajirin da ya zo bara ba.

Daga mako 3 zuwa wajen mako 12 da haihuwa ne kwikwiyo yake koyon abin da zai saba da shi. Wanda ya ji ƙarar babur, ya ga yara da awaki da 'yan'uwansa karnuka a wannan tsakanin, yakan tashi da natsuwa, in ya yi haushi kuwa da dalili. Shi ya sa masu horarwa ke haɗa 'yan kwikwiyo rukuni-rukuni, wanda ya bi umarni a ba shi ɗan nama, ba a taɓa bulala. Karen da aka tsinto a titi ma yana koyo, sai dai ya fi cin lokaci.

Kafin a haɗa 'yan kwikwiyon, a kai wa likitan dabbobi ya yi musu alluran farko. Ta ciwon haukan kare sai a wata 3, kuma kada a tsallake ta: rigakafin gama-gari da aka yi wa karnuka a 2012 da 2013 ya rage cutar ƙwarai a Njamena.