Ƙashin da diga ta tono a lambu

Kwanan baya wani dattijo mai lambun albasa da latas a bakin Binuwai, nan Garwa ta Kamaru, ya zo mini da ƙasusuwa ƙunshe a buhun siminti. Sabuwar rijiya yake haƙa diga ta ci karo da su. Ya ce, "Malam, duba mini, na mutum ne ko na dabba? Tun jiya yara sun ƙi shiga lambun." Na ce, "Baba, da hannu ka kwaso?" Ya ce to da me zai kwasa.

Muƙamuƙin na fara ɗauka, don haƙori ba ya ɓoye mai shi. Saniya da tunkiya da akuya ba su da haƙoran gaba a sama, dasashi ne kawai mai tauri, takwas ɗinsu duk a ƙasa suke, sai fili, sai turame masu faɗi na niƙa ciyawa. Jaki da doki suna da na gaba sama da ƙasa. Kare kuwa fiƙarsa ce ke tona shi. In ba a samu kai ba, a duba dogon ƙashin da ke bisa kofato: na saniya da akuya yana da tsagi a tsakiya kuma ya rabu biyu a ƙarshe, don kofatonsu biyu ne, na jaki bai rabu ba. Ƙashin kaza da zabo ba nauyi, cikinsa rami ne. Na dattijon nan na saniya ne, babba.

Yawancin abin da kuke tonowa a lambunan cikin gari ba abin damuwa ba ne. Takin juji ne ke kawo shi, ragowar layya da na kwata, wani kuma ruwa ya ajiye, kamar yadda ambaliyar 2012 ta bar tarkace iri-iri a fadamun nan. Irin wannan a warwatse yake, gutsi-gutsi, da sawun wuƙa ko na barandami, an fasa shi an sha ɓargo. Dabbar an yanka ta an ci. A sa safar hannu ko a cusa hannu a leda, a tattara, a binne a gefe, a wanke hannu da sabulu. Wanda ƙashi ya yanka ya wanke ciwon ya je asibiti a duba ko yana bukatar allurar tetanus, ciwon da ke sarƙe haƙora, don ƙwayarsa cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne da muka je wurin, saniyar a kwance take sukutum, haƙarƙari a jere, ƙashin baya a haɗe, ko alamar wuƙa babu, kuma ramin ya kusa kai tsayin mutum. Ku tambayi kanku, wa zai binne saniya da namanta da fatarta in ba dole ba? Mushe ne, kuma wanda ya binne ta ya ga abin da ya tsorata shi. Yana iya zama cutar bushiya, wadda ta yi wa shanun ƙasashen nan ɓarna wajen 1983. In ita ce da sauƙi, don an shelanta kawar da ita daga duniya a 2011 kuma ba ta kama mutum. Amma yana iya zama ciwon saifa, kuma ido ba ya bambancewa a jikin busasshen ƙashi.

Makiyaya sun san saifa. Dabba ta kwana lafiya, da safe a tarar ta mutu, ciki ya kumbura, baƙin jini da ba ya daskarewa yana fita ta hanci da baki da dubura. Idan jinin ya sha iska, ƙwayar cutar sai ta yi wa kanta ɓawo mai tauri ta kwanta cikin ƙasa, rana ba ta kashe ta, fari bai dame ta ba, shekaru gommai tana jira. Akwai wani tsibiri a Sikotland da aka yi gwajinta a 1942, ba a ce ya tsarkaka ba sai 1990, bayan an jiƙe ƙasarsa da magani. Saboda haka ƙasar da ke kewaye da mushen ta fi ƙashin ba ni tsoro. Ita ce za a watsa a kan kunya, akuyar gida ta ci ciyawar wurin, ruwan rijiya ya ratsa ta.

A jikin mutum ƙwayar ta fi shiga ta wani ɗan rauni a hannu ko fuska ko wuya. Cikin mako guda sai ƙurji mai ƙaiƙayi ya fito, gefensa ya kumbura, tsakiyarsa ta yi baƙi kamar gawayi, kuma ba ya zafi. Rashin zafin nan ne ke sa mutane sakaci. Yana warkewa da maganin asibiti in an je da wuri, kuma a gaya wa likita an tono mushe.

In kun ci karo da irin wannan, ku tsayar da haƙa, ku mayar da ƙasa, ku kewaye wurin da ƙaya, ku kira malamin dabbobi na yankinku. Kada a daka ƙashin a yi taki, kada a ba kare. Masu dabbobi kuma su riƙa yin rigakafin saifa kowace shekara. A nan Bokle, kusa da mu, LANAVET, cibiyar gwaje-gwajen lafiyar dabbobi ta ƙasa, ke sarrafa allurar.

Sauran tambayar Baba ta farko. Ƙoƙon kan mutum zagayayye ne kamar ƙwarya, fuska a miƙe, da haɓa, abin da dabba ba ta da shi. Gari ya faɗaɗa ya hau tsoffin maƙabartu, kuma wajen Kusri da Njamena akan tarar da manyan tukwanen da mutanen Sawo, mazauna yankin a zamanin da, suke binne matattunsu a ciki. In kun yi ko da kokwanto ne, kada a taɓa, a rufe da zane, a gaya wa jauro ko lawan, wato mai unguwa ko dagaci, su sanar da jandarma.

Dattijon ya mayar da ƙasusuwan cikin raminsu, muka rufe, ya koma can gabashin lambun ya haƙa rijiyarsa. Na ce ya riƙa duba hannuwansa da na yaran har mako biyu, ya kuma hana awakinsa kiwo a wannan kusurwar.